Ranar da Barmo Ya Ajiye Gorar Fito

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ke gaɓar babban kogi, tun zamanin da babu gada, wanda duk zai ƙetare sai ya danƙa ransa a hannun mai jirgi. Sunansa Barmo. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya kuma cikin masu sarauta. Mai fito ne, wato shi ke ɗaukar mutane da kayansu a jirgi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya yi shekara casa'in da 'yan kai a duniya, amma abin da aka fi tuna shi da shi aikin safiya ɗaya ne. Ku gyara zama, ku saurara.

A garin nan masu ƙananan kwale-kwale suna da yawa, suna kamun kifinsu. Amma babban jirgin fito ɗaya ne, mai ɗaukar mutum arba'in har da jakuna, gorar da ake tuƙa shi ita ma ɗaya ce, doguwa, mai bakin ƙarfe. Gidaje biyu ne suka gaji aikin ruwa a garin, kuma ga yadda al'adarsu take. Gora tana zama a gida ɗaya muddin uba ya miƙa wa ɗansa hannu da hannu, a gaban Sarkin Ruwa, ɗan yana tsaye da ƙafarsa a bakin gaɓa. Ba a miƙa ta da saƙo, ba a ajiye wa wanda ba ya nan. Idan mai gora ya gaza alhali ɗansa ba ya gari, to ta koma ɗaya gidan ke nan, ba kuwa za ta dawo ba sai ranar da irin haka ta same su su ma. A gidan su Barmo ta wuce hannun uba huɗu, shi ne na biyar.

Kada ku ɗauka tuƙin jirgi ƙarfin damtse ne. Aikin ido ne. Kogin nan kowace shekara sai ya sauya hanya. Inda bara gora ba ta taɓa ƙasa, bana tudun yashi ne; inda bara aka bi lafiya, bana ruwa ya kwashe yashin ya tone dutse. Saboda haka mai fito fuskar ruwa yake karantawa. Inda ruwa ya yi duhu, akwai zurfi. Inda ya tattare kamar goshin tsoho, akwai yashi. Inda kuwa ya yi sumul ya ɗan kumbura, to dutse ne kwance a ƙasa. Barmo ya fi shekara talatin yana wannan karatu, bai taɓa jiƙa wa kowa ko bakin zane ba.

A gida kuma mutum ne mai riƙon iyali. Matarsa sunanta Ige. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyar, sa'an nan ya rufe musu da namiji, Labbo. An san Barmo da hali ɗaya da abokansa ke yi masa ba'a a kai: bai taɓa cin komai a kasuwar ƙetare ba. Ko ƙosai aka ba shi, ko gasasshen kifi, ko sandar rake, sai ya ƙulle a gefen rigarsa ya kawo gida, ya zauna a raba a gabansa, shi ya ɗauki na ƙarshe. Suka ce masa bakinsa ba ya buɗewa sai ya ga Ige. Ya ce haka ne, ya yi dariya, ya ci gaba da ƙullinsa.

Labbo ya yi damina uku a jirgi kusa da ubansa, ya iya ruwa. Daga nan ya nemi izini ya gangara can inda kogi ya haɗu da teku, ya yi aiki a manyan jirage, ya ga ruwan da ya fi na gidansu kafin ya zo ya zauna. Barmo ya sa masa albarka ya tafi. Bayan wasu shekaru saƙo ya zo cewa saura damina biyu alkawarinsa da masu jirgi ya cika, ya dawo ya karɓi gora. A lokacin Barmo yana da kamar shekara sittin, jikinsa da ƙarfi. Kowa ya ce damina biyu kamar gobe ne.

To, ku saurara, a nan jarrabawa ta shigo.

Wata ranar kasuwa da hantsi, bayan damina, ruwa ya fara janyewa, jirgi ya cika da mutane. Suna tsakiyar kogi sai ƙasan jirgi ya gogi wani abu. Jirgi ya karkata, ya dawo daidai. Ba wanda ya faɗa ruwa, sai dai ƙwaryar nonon wata Bafillatana da ta tuntsure. Da hankali ya kwanta, wani mahauci mai yawan barkwanci ya ce, "Baba Barmo, dorinar nan surukarka ce? Na ga ta zo gaisuwa ba ko sallama." Aka yi dariya. Mai nono ta ce ko surukar wa ce, ita dai an zubar mata da kasuwa. Aka ce ta sauka ta kai ƙara wurin dorinar. Kafin a kai gaɓa kowa ya yarda dorina ce, har akwai wanda ya rantse ya ga kunnenta.

Barmo kuwa bai yi dariya ba. Shi ya ji ƙarar a tafin ƙafarsa, ya san dutse ne. Abin da ya sanyaya masa jiki kuwa shi ne, ba gafala ya yi ba. Idonsa yana kan wurin nan daidai, yana kallo, bai ga komai ba.

Kwana uku yana fita da safe ya tsaya a bakin ruwa ya dubi ƙetare. Akwai giginyu bakwai a can da ya saba ƙirga su tun yana yaro. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, suka haɗe masa kamar hayaƙi. A rana ta uku ya kira Ige tsakar gida inda rana ta fi haske, ya ce ta duba masa idonsa. Ta buɗa masa fatar ido da yatsa, ta duba na dama, ta duba na hagu. Ta ga farar yana ta fara rufe baƙin. Sai ta nemi turmi ta zauna a kai.

Kada ku zargi Ige, 'yan'uwa. Ba muguwar mace ba ce. Uwa ce, tana tuna ɗanta. Da ta sami bakin magana ta ce, "Maigida, damina biyu ce fa. Hannunka ya san kogin nan ko ka rufe ido."

Ya ce, "Hannuna kogin bara ya sani."

Ta kawo shawarar a aika wa yaron ya taho. Ya ce mata ɗan aike sai ya yi wata uku a hanya, ya je kuma ya tarar jirginsu yana tsakiyar teku, kasuwa kuwa saura kwana huɗu. Ta ce to ya ɗauki ɗaya daga cikin surukansu ya tsayar da shi a goshin jirgi, ya zama idonsa, ba sai kowa ya sani ba. Ya ce surukansu duka manoma ne, suna ganin ruwa amma ba su iya karanta shi ba. Kuma mutane suna shiga jirgin nan ne don sun yi imani Barmo yana gani. Sai ta ce, "To idan ya dawo, me zan ce masa?"

Wannan tambaya ta tsaya wa Barmo a zuciya. Ita ce kuma ta fi ci masa rai.

Washegari ya tafi wurin Sarkin Ruwa, wanda abokinsa ne tun suna yara suna iyo tare. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fara bayani. Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu ya sallami duk waɗanda ke zaure, sa'an nan ya sauko da murya ya ce, "Barmo, kunnena ya yi nauyi kwanan nan. Ban ji abin da ka ce ba, kada kuma ka maimaita." Ya ba shi shawara ya rage kaya, ya rage gudu, ya daina fita in rana ta yi sanyi, har yaron ya iso. Sa'an nan ya kawo hujjar da ta fi kowace nauyi. Ya tuna masa cewa idan ya ajiye gora, hannun Gado za ta faɗa, babban ɗan ɗaya gidan, mutum mai gaggawa da jin kai, wanda bai san duwatsun tsakiya ba. Ya ce, "Kai da rabin ido ka fi Gado da ido biyu. Don jama'a nake faɗa maka, ba don kai ba."

Ku lura da wannan, jama'a. Ba kullum ruɗi ke zuwa wa mutum da mummunar fuska ba. Wani lokaci yana zuwa da muryar matarka mai ƙaunarka, wani lokaci da muryar amininka, har ya ce maka don amfanin mutane ne. Barmo ya koma gida zuciyarsa ta kusa karɓa. Ya ce wa ransa, ai gaskiya ne Gado bai ƙware ba. Ya ce, ai sau ɗaya ne kawai aka gogi dutse. Ya ce, ai Sarkin Ruwa da kansa ya ba da dama.

Ranar kasuwa ta zo. Ya ɗauki gora ya sauka bakin ruwa, mutane suka fara shiga, ana ta loda kaya. Sai wata mata ta zo da kwando a ka, da jariri a hannu. Da za ta taka jirgi, ta miƙo masa yaron ba tare da ta ko dube shi ba, tana can tana magana da ƙawarta. Ta ce, "Riƙe mini, Baba." Ya karɓa. Ya ji ɗumin yaron a ƙirjinsa, ya ji nauyinsa bai kai na tulun ruwa ba. Matar nan ba ta tambaye shi komai ba. Ba ta ce ya rantse mata ba. Ta miƙa masa kawai, domin shi ne Barmo.

Da ta zauna ta miƙo hannu, ya mayar mata da ɗanta. Sa'an nan ya ɗaga murya yadda na gaɓa da na cikin jirgi za su ji, ya ce, "Jama'a, ku dakata. Abin da ya taɓa mu waccan kasuwa ba dorina ba ce. Dutse ne, ina kallon wurin ban gan shi ba. Idona ya fara tafiya. Ba zan ƙara ƙetarar da kowa ba." Ya taka har gaban Sarkin Ruwa, wanda ke zaune a inuwa kamar yadda ya saba kowace kasuwa, ya durƙusa ya shimfiɗa gora a ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu kowa ya ji."

Mahaucin nan mai barkwanci ya sunkuyar da kai. Sarkin Ruwa ya daɗe yana kallon abokinsa, sa'an nan ya yi abin da al'ada ta ce: ya kira sunan Labbo sau uku. Ba wanda ya amsa. Ya kira Gado. Gado ya fito daga cikin taro ya ɗauki gora, ya jinjina ta, ya ce yadda kowa zai ji, "Ashe da makaho ke ta kai mu yana dawo da mu." Barmo ya ji. Ya juya ya hau gaɓa hannu sake, a karo na farko cikin shekara talatin.

A gari aka rabu biyu. Wasu suka ce mutumin kirki ne, wasu suka ce wawa ne da ya zubar da abin da kakanninsa suka riƙe. Cikin danginsa akwai waɗanda suka daina taka ƙofar gidansa. Ige ta yi kwana biyu ba ta iya cin abinci ba, amma ba ta faɗa masa kalma mai ɗaci ba.

Maganar Sarkin Ruwa a kan Gado kuwa ba ta bar zuciyar Barmo ba, domin gaskiya ce. A gidansu akwai sanin da uba ke raɗa wa ɗa shi kaɗai: duwatsu goma sha ɗaya na tsakiyar kogi, kowanne da sunansa, da alamar da ake gane shi daga gaɓa, da watan da yake fitowa kusa. Ba a taɓa faɗa wa ɗan wani gida ba. Barmo ya sauka bakin ruwa ya sami Gado, ya ce yana so ya zauna a jirgi ya nuna masa su. Gado ya dube shi da zargi, ya ce, "Me kake nema a wurina?"

Ya ce, "Ba komai. 'Yata ta uku tana aure a ƙetare. A jirginka za ta riƙa zuwa ganin uwarta."

Kwana arba'in ya yi yana zama a jirgin da ya kasance nasa, a ƙarƙashin mutumin da ya kira shi makaho. Gado ya faɗa masa abin da yake gani, shi kuma ya faɗa masa ma'anarsa. Duka goma sha ɗaya ya ba shi, bai ɓoye ko ɗaya don ɗansa ba. Kafin kwanakin su cika gaggawar Gado ta ragu, ya koma kiransa Baba. Barmo kuma ya koma saƙar taru da toshe ɓarakar kwale-kwale, aikin da yatsa ke iyawa ko ido bai taimaka ba. Tuwon gidan ya ragu, amma bai yanke ba.

Damina biyu suka cika, Labbo ya dawo. Da ya iso gaɓar ƙetare ya hango gora a hannun Gado, sai ya ɗauka ubansa ya rasu. Ya ƙetaro kansa a sunkuye yana hawaye, ba wanda ya iya yi masa bayani. Da ya shiga gida ya tarar da tsoho zaune yana saƙa, ya ji yadda aka yi, baƙin cikin ya juye ya zama fushi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, domin yaro ne mai tarbiyya. Ya ce, "Baba, uba biyar. Damina biyu kawai na roƙa. Har duwatsun ma ka ba shi?"

Barmo ya ajiye saƙa ya ce, "Na ba shi. Gadonka ne na bayar, na sani, ba ni kuma da abin da zan ba ka a madadinsa. Ka yafe mini. Amma da za a mayar da ni safiyar nan, abin da na yi shi zan sake yi."

Labbo ya kwana bakwai a gida, bai ƙara zama kusa da ubansa ba. A rana ta takwas ya ɗaure kayansa ya ce zai koma teku, ba ya jin zai sake dawowa. Ige ta yi kuka. Barmo bai hana shi ba, ya ɗora masa hannu a ka ya sa masa albarka kamar karon farko. Sa'an nan ya lallaɓa ya sauka bakin ruwa da tarunsa, ya zauna a gindin wata bishiya. Ba ya ganin jirgin, amma ya ji lokacin da gora ta daki ƙasa, ya ji hayaniyar mutane tana nisa har ta ɓace. Ya ce a ransa, gora ta tafi, ɗa ma ya tafi. Ya yi hamdala, ya ci gaba da saƙa, hawaye yana sauka a kan zaren.

Wajen azahar jirgi ya dawo. Mutane suka sauka suka watse. Sai ya ji takun ƙafa ya nufo shi, ya ji an ajiye ƙunshin kaya, wani ya zauna ya ɗauki ɗaya bakin tarun. Labbo ne.

Ya ce, "Baba, da muka kai tsakiya na kama kaina ina kallon idon Gado. Ba hannunsa ba, idonsa. Na waiwaya na dubi sauran mutane, na ga babu mai kallon ruwa ko ɗaya. Wata tana ɓare gyaɗa, wani yana gyangyaɗi, biyu suna gardama a kan akuya. Mutum arba'in, duk sun bar wa ido biyu rayukansu. Sai na ji tsoro, ni da na ƙetare teku." Ya dubi tsohon, sa'an nan ya ce, "Ni ne zan ce ka yafe mini."

Barmo ya laluba ya kama hannunsa, ya ce, "Ja zaren nan da kyau, ya yi sako-sako."

Na san wasunku suna jira su ji cewa gora ta dawo gidan Barmo. Ba ta dawo ba. Idonsa ma bai dawo ba, ya ƙarasa rufewa. Ya ƙara shekara talatin da wani abu a duniya yana saƙa taru a tsakar gidansa. Labbo ya zauna kusa da shi, ya zama mai sassaƙa jirage, ya riƙe gidan. Barmo ya ga auren jikokinsa da kunnensa, yana gane kowane ɗa a gidan da takunsa. Ya yi jinyar Ige da hannunsa har ta riga shi. Ranar da shi ma ya cika, mutanen gaɓa biyu suka taru, aka yi ta ƙetaro da su tun safe har la'asar. A cikin masu yi masa sallar gawa akwai tsofaffi, akwai magidanta, akwai waɗanda ba su san cewa wata safiya an taɓa tsayar da jirgi don iyayensu su rayu su haife su ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da za ku riƙe. Amana ba ta tsaya a kan kada ka taɓa kayan wani ba. Babbar amana ita ce ka faɗi gazawarka kafin ta halaka wanda ya dogara da kai, ko da faɗin zai raba ka da abincinka, ko da zai ɓata ran ɗanka. Kada wani ya ce shi ba mai fito ba ne. Kai direban da barci ke fizga, ka san kana da mutane a bayanka suna hira. Ke ungozomar da hannunki ya fara rawa, kin sani, mai naƙuda ba ta sani ba. Kai malamin da aka tambaye ka abin da ba ka karanta ba, kai maginin da ka ga tushe ya tsage ka shafe shi da laka, duk an miƙo muku ɗa ba tare da an dube ku ba. Mutane za su ba ku uzuri, za su ce dorina ce, har wani ya rantse ya gani. Amma ku kun ji ƙarar a tafin ƙafarku, Allah kuma ya ji.

Kowa ya koma gida ya tambayi kansa: a cikin abin da aka danƙa mini, akwai wanda na daina gani ina yi kamar ina gani? Idan akwai, ya faɗa tun jirgi yana gaɓa.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan kawunanmu, ya jiƙan magabatanmu, ya ƙetarar da mu lafiya ranar da babu mai fito sai aikin mutum. Amin.